Aikatau «negotiate» a Ingilishin yau da kullum: tsakanin tayi da sallamawa

1. Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ƙara nauyi a wuyan masu aikin ƙamus da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Tun daga taron Bamako na 1966, inda aka daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa, galibin aikin da aka yi a ƙasar nan tsakanin Hausa da Faransanci aka yi shi. Idan Ingilishi ya gitta, al'adarmu ita ce mu juya shi zuwa Faransanci a zuci, sa'an nan mu sauke shi cikin Hausa. Mai bin wannan doguwar hanya yakan zubar da wani abu kafin ya iso gida, sau da yawa kuma bai san ya zubar ba.

A wannan maƙala mun ɗauki aikatau guda ɗaya, wato «negotiate», domin mu nuna irin abin da ke zubewa. Kalma ce da ake ji kullum a Ingila da Amurka, a bakin mai neman aiki da ɗan haya da mai sayen mota. Tana kuma isowa gare mu cikin takardun kasuwanci masu ƙetaro iyaka daga Kano da Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, da cikin labaran duniya waɗanda gidajen rediyo ke juyawa zuwa Hausa. Wanda ya yi karatu da Faransanci da ya gan ta sai ya ce ai «négocier» ce, ya wuce.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne wannan: aikatau ɗin yana iya nufin ana kan magana, yana kuma iya nufin magana ta ƙare an daidaita, kuma ginin jimla ne ke rarrabe su. Hausa ba ta da kalma ɗaya mai ɗaukar ma'anonin biyu, saboda haka tilas mai fassara ya zaɓa. In zaɓinsa ya kuskure, to ko dai ya yi shelar yarjejeniyar da ba a ƙulla ba, ko ya ɓoye wadda aka ƙulla.

Misalan Ingilishi da ke tafe mu muka gina su domin bayani. Tauraro a gaban jimla alama ce ta cewa mai harshen ba zai karɓe ta ba.

2. Asalin kalmar da furucinta

Tushen kalmar Latin ne. A wannan harshe «otium» shi ne hutu, «neg-» kuwa korewa ce. «Negotium» ke nan rashin hutu, wato sha'ani ko harka ko kasuwanci. Daga nan Faransanci ya sami «négoce» da «négociant» da «négocier». Ingilishi ya soma amfani da «negotiate» a ƙarshen ƙarni na 16, amma ma'anar saye da sayarwa ba ta zauna masa ba kamar yadda ta zauna a Faransanci. Ba shi da kalmar yau da kullum daga wannan tushe wadda ta yi daidai da «négoce», kuma attajirin da Faransanci ke kira «négociant», shi «merchant» ko «trader» ne a Ingilishi. «Negotiator» kuwa wakili ne mai zaman magana a madadin wasu. A Ingila har ma'aikacin ofishin sayar da gidaje da bayar da hayarsu ana kiransa da wannan suna, wato dai dillalin gida.

Game da furuci, abu biyu ya kamata malamin aji ya kula da su. Ƙarfin murya a kan gaɓa ta biyu yake sauka, ba ta ƙarshe ba. Harafin «t» na tsakiya kuma kamar «sh» ɗinmu ake faɗarsa. Ɗalibin da kunnensa ya saba da Faransanci yakan sa «s» a wurin, ya kuma kai ƙarfin ƙarshen kalma.

3. Ginin jimla

3.1. Inda babu karɓau

(1) The workers negotiated with the company.
Ma'aikata sun tattauna da kamfanin.

(2) They negotiated over the rent.
Sun yi cinikin kuɗin haya.

(3) She negotiated for more time.
Ta zauna da su tana neman a ƙara mata lokaci.

A nan aikatau ƙi-karɓau ne, ƙananan kalmomi ne ke haɗa shi da abin da ke biye. «With» tana kawo abokin magana, «over» ko «about» tana kawo abin da ake ja a kansa, «for» kuma tana kawo abin da ake nema. Babu ɗaya daga cikin jimlolin nan uku da ta faɗi yadda aka ƙare. Shaidar haka ita ce ana iya ƙara wa kowace «but nothing came of it», wato amma ba a samu komi ba, jimlar kuma ta zauna daram.

3.2. Inda karɓau sakamako ne

(4) The workers negotiated a pay rise.
Ma'aikata sun samo ƙarin albashi ta hanyar tattaunawa.

(5) The two sides negotiated a ceasefire.
Sassan biyu sun cim ma tsagaita wuta.

(6) He negotiated the release of the drivers.
Ya sasanta har aka saki direbobin.

Karɓau a nan abu ne da babu shi kafin a fara aikin, aikin ne ya haife shi, kamar rijiya cikin «sun haƙa rijiya» ko tabarma cikin «ta saƙa tabarma». Wanda ya ce an haƙa rijiya ya shaida cewa akwai rijiya. Haka wanda ya faɗi (4) ya shaida cewa akwai ƙarin albashi. In aka biyo ta da «but nothing came of it» sai mai sauraro ya ji magana tana karo da kanta. A dubi waɗannan tagwaye:

(7a) She negotiated for a discount.
Ta nemi rangwame.

(7b) She negotiated a discount.
Ta samu rangwame.

Haruffa uku ne kawai tsakaninsu a Ingilishi, amma a Hausa sai an sake aikatau ɗungum: «nema» a ta farko, «samu» a ta biyu. Mai fassarar da ya riƙe cewa «negotiate» daidai take da «tattauna» zai fito da jimla ɗaya a wurin biyu, mai sauraro kuma ba zai san ko matar ta rage kuɗinta ba.

3.3. Inda karɓau batun magana ne

(8) We negotiated the price.

(9) We negotiated the price down by a tenth.

Farashi ba abin da aka haifa a teburin magana ba ne; da ma yana nan, a kansa aka zauna. Don haka (8) tana da fuska biyu: ko mun yi cinikin farashin, ko mun daidaita a kansa, sai abin da ke kewaye da jimlar ya nuna. A (9) kalmar «down» ta kawar da shakka: an ja farashin har ya sauka da kashi ɗaya cikin goma. Yawanci «a» a gaban karɓau tana nuna sakamako, «the» kuma tana nuna batu, amma wannan alama ce mai taimako, ba doka ba, kamar yadda (6) ta nuna. Tambayar da ta fi tsare mai fassara ita ce: abin nan yana nan kafin a zauna, ko zaman ne ya kawo shi?

3.4. Abin da aikatau ba ya karɓa

(10) *I negotiated the seller.

(11) *I negotiated the ram.

Abokin ciniki ba ya zama karɓau, sai da «with». Kayan da ake ciniki a kansu ma, a maganar yau da kullum, ba sa zama karɓau, sai da «for». Kuskure na (11) ɗalibanmu suna da hanya biyu ta faɗawa cikinsa: Hausa tana cewa «na taya ragon», Faransanci yana cewa «marchander un mouton», duka biyun kaya ne karɓau. Abin sha'awa, Ingilishin Nijeriya ya cike wannan gurbi da kansa, inda ya mai da «price» aikatau: «I priced the ram» a can tana nufin na taya ragon. Ɗan kasuwar Jibiya zai gane ta nan take. A Landan kuwa za a iya ɗauka cewa mai maganar shi ne ya sa wa ragon kuɗi.

4. Gwajin lokaci

A shekarar 1957 masana biyu, Howard Garey cikin nazarinsa na aikatau na Faransanci da Zeno Vendler cikin nazarinsa na Ingilishi, sun ja hankali ga bambanci tsakanin aiki mai maƙura da aiki marar maƙura. Tafiya ba ta da maƙura a cikin ma'anarta, duk inda aka tsaya an yi tafiya. Isa gari kuwa sai an isa. Gwajin da aka saba yi a Ingilishi shi ne a ga wace kalmar lokaci jimla ke karɓa:

(12) They negotiated for three days.
Sun kwana uku suna tattaunawa.

(13) They negotiated a ceasefire in three days.
Cikin kwana uku suka cim ma tsagaita wuta.

«For» tana auna tsawon aikin da bai da maƙura, «in» tana auna lokacin da aka ci kafin a kai maƙura. Hausa ma tana da wannan bambanci, kamar yadda fassarar ta nuna: «sun kwana uku suna…» a gefe ɗaya, «cikin kwana uku suka…» a ɗaya gefen. A lura kuma cewa «for» ta (12) ba ita ce «for» ta (7a) ba. Waccan ta nema ce, wannan ta lokaci.

Sai dai karɓau shi kaɗai bai isa ya tabbatar da sakamako ba, sai an dubi lokacin aikatau:

(14) They were negotiating a ceasefire when the town fell.
Suna cikin neman tsagaita wuta garin ya faɗi.

Da zarar aikatau ya ɗauki «-ing», maƙura ta koma abin da ake hange, ba a kai gare ta ba, daidai da yadda «suna haƙa rijiya» ba ta ce an samu ruwa ba. Haka nan bayan «try to» da «hope to» da «will».

Kanun labarai na jaridun Ingilishi suna da tasu ƙa'ida, wadda ya wajaba ma'aikacin rediyo ya sani. Abin da ya riga ya faru ana rubuta shi da siffar lokacin yanzu, abin da zai faru kuma da «to»:

(15) Union negotiates pay rise.
Ƙungiyar ƙwadago ta samo ƙarin albashi.

(16) Union to negotiate pay rise.
Ƙungiyar ƙwadago za ta zauna neman ƙarin albashi.

Wanda ya fassara (15) da «tana tattaunawa» ya mai da hannun agogo baya. Wanda ya fassara (16) da «ta samo» ya sa ma'aikata murna tun ba a zauna ba.

5. An daidaita, amma an ɗaure?

Ko a inda aka kai maƙura, akwai sauran mataki guda da «negotiate» ba ta ɗauka. Tana cewa wakilai sun daidaita kan abin da za a rubuta. Ba ta cewa waɗanda suka aiko su sun amince, ko an sa hannu. Fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai misali ne da kowa ya gani. A watan Nuwamba na 2018 gwamnatin Theresa May ta daidaita da Tarayyar kan yarjejeniyar fita, kuma daidai ne a ce da Ingilishi «she negotiated a withdrawal agreement». Amma tsakanin Janairu da Maris na 2019 majalisar wakilai ta Birtaniya ta ƙi wannan yarjejeniya har sau uku. Sai da aka sake mata fasali a watan Oktoba na 2019, zamanin Boris Johnson, kafin ƙasar ta fita ranar 31 ga Janairun 2020. Mai fassarar da ya ce a 2018 «an ƙulla yarjejeniya» ya wuce gona da iri. «An daidaita kan daftarin yarjejeniya» ita ce daidai.

Haka abin yake a rayuwar yau da kullum. A Ingila da Wales, mai sayen gida da mai sayarwa suna iya daidaitawa kan kuɗi, amma ana ɗaukar maganar «subject to contract», wato ba ta ɗaure kowa ba sai ranar da aka yi musayar takardun kwangila masu sa hannu. Kafin wannan rana mai gida yana iya karɓar tayin wani da ya fi tsoka, doka ba ta hana shi ba. A shari'ar Walford da Miles ta 1992 kuma, kotun ƙoli ta ƙasar a wancan lokaci ta yanke cewa alkawarin zama a tattauna, shi kaɗai, ba abin da kotu za ta tilasta ba ne.

Wannan ya sha bamban da abin da Bahaushe ya sani a kasuwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta jama'armu, ciniki yana ƙulluwa da furucin bayarwa da na karɓa, ba sai an tashi daga mazaunin ba. Mai kaya in ya ce «na sallama», magana ta ƙare, komawa baya kuma abin kunya ne a idon ƴan kasuwa. Ɗan kasuwar da aka fassara wa «we have negotiated a price» da «sun sallama» zai ɗauka an ɗaure, ya nemi mota, ya ba da kafin alƙalami a wani wuri, alhali abokin hulɗarsa yana jiran sa hannu ne kafin ya ga kansa a ɗaure. A nan kuskuren fassara asarar dukiya ce.

6. Yadda Hausa ta raba aikin

Abin da Ingilishi ya tara cikin aikatau ɗaya, Hausa ta yanka shi gaɓa-gaɓa. A saurari cinikin rago a kowace kasuwar dabbobi tamu:

— Alhaji, ragon nan fa?
— Taya, Malam.
— Na saya jika sittin.
— Albarka.
— To, sa masa suna.
— Jika tamanin.
— Haba Alhaji, a dai duba. Na ƙara biyar.
— Albarka. Cika saba'in.
— Na saya saba'in.
— Na sallama. Allah ya sa albarka.

Kowane mataki da sunansa. Mai saye yana «tayawa», mai kaya yana «sa suna». «Albarka» ƙi ce cikin ladabi, wadda ba ta rufe ƙofa. Ana «ƙarawa», ana «ragewa», har a kai ga «sallamawa». In akwai dillali a tsakani, ya karɓi la'adarsa. Dukan zaman shi ne «ciniki», kuma «sun yi ciniki» ba lallai ta nufi an saya ba. Sai an ce «ciniki ya faɗa» ko «ya ƙullu». A lura ma da «na saya» ta bakin mai tayi: siffarta ta aikin da ya shuɗe ce, amma tayi ce kawai har sai an sallama. Baƙon da ke koyon Hausa yana iya ruɗewa da ita kamar yadda mu ke ruɗewa da (15).

A wajen kasuwa kuma muna da wani jerin. «Tattauna» daga «tauna» ta fito, ta hanyar ninka gaɓar farko, wato a yi ta tauna magana. Babu maƙura a cikinta ko kaɗan, shi ya sa ta dace da 3.1 ba ta dace da 3.2 ba. «Daidaita» daga «daidai» take, «yarjejeniya» daga «yarda». Su biyun suna ɗauke da maƙura. «Sasanta» da «sulhunta» suna bukatar a ce da ma akwai saɓani, saboda haka sun dace da yaƙi da rikicin gona, ba su dace da cinikin mota ba. «Shirya» kuma, cikin «sun shirya», tana iya zama daidaitawar ciniki, tana iya zama komawar zumunci bayan faɗa.

7. «Negotiable» da sauran rassa

A tallar gida ko ta mota ko ta aiki a jaridun Ingilishi ana yawan ganin «price negotiable» ko «salary negotiable». Ɗafin «-able» yana nuna yiwuwar aiki. Hausa tana da abin da ya yi daidai da shi a cikin nahawunta: aikatau masu ƙarewa da «-u», waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabon da ya yi a 1960. A lokaci shuɗaɗɗe suna nuna aiki ya kammalu sarai, kamar «magana ta daidaitu». A lokaci mai ci kuwa suna nuna yiwuwa, kamar «rikicin nan yana sasantuwa» ko «ba ya sasantuwa». To amma a bakin kasuwa ba haka ake faɗa ba. «Akwai ragi» ko «ana tayawa» su ne daidai da «price negotiable», «ba ragi» kuma ita ce kishiyarsu. «Non-negotiable» ta shiga har cikin gida: uwa tana iya ce wa ɗanta lokacin barci «non-negotiable» ne, abin da tamu uwar za ta ce «ba na son musu».

Akwai wasu ma'anoni biyu da ba su shafi zaman magana ba. Ta farko ta banki ce: «to negotiate a cheque» shi ne a miƙa cakin banki ga wani ta yadda haƙƙin kuɗin zai koma gare shi. In aka rubuta «not negotiable» a kan cakin da aka ja wa layi biyu, dokar Birtaniya ta 1882 ta ce wanda ya karɓe shi ba zai sami haƙƙin da ya fi na wanda ya ba shi ba. Ba maganar rangwame ake yi ba. Ta biyu ta hanya ce: «to negotiate a bend» ko «the stairs» shi ne a wuce kwana ko matakala mai wuya lafiya. A ƙarni na 19 ta ɓullo, daga bakin mahaya masu tsallake shinge a wurin farauta, Faransanci kuma ya aro ta cikin «négocier un virage». Ita ma maƙura gare ta: wanda ya faɗa rami bai wuce kwanar ba.

8. Maƙwabtan kalmar

Aikatau uku ne ke raba wannan fili a Ingilishi. «Haggle» ita ce ja-in-ja kan kuɗi, irin na kasuwa, kuma sau da yawa tana ɗauke da ɗan raini, domin a kantunan Ingila farashi a rubuce yake, tayi sai a wurin gida da mota da tsofaffin kaya. «Bargain» tana tsakiya. Daga tsohon Faransanci ta zo, inda ƴar'uwarta «barguigner» ta saura da ma'anar jinkiri da inda-inda. «Negotiate» ita ce mai rigar mutunci, ta ofis da gwamnati, kuma saboda haka mai neman ƙarin albashi ya fi so a ce yana «negotiating» da a ce yana «haggling». A Hausa «ciniki» ba ta da wannan raini ko kaɗan. Wanda ya saya bai taya ba shi ake yi wa kallon sakarai. Ƙamus da ya ba da «haggle: yi ciniki» bai yi ƙarya ba, amma ya kamata ya ƙara gargaɗi.

Ba kullum Faransanci da Ingilishi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Zaman da ƙungiyoyin ƙwadago ke yi da masu ba da aiki, wanda Faransanci ke kira «négociation collective», sunansa «collective bargaining» a Ingilishi, kalmar da Beatrice Webb ta ƙirƙira a 1891. Sa'an nan a Faransancin titi na ƙasashenmu «négocier» ta sami wata ma'ana, ta roƙon alfarma wurin mai iko, wani lokaci har da abin goro. Ɗalibin da ya ɗauki wannan ma'ana ya ɗora wa «negotiate» zai faɗi abin da bai yi niyya ba, ko kuwa a kasa gane shi.

9. Shawarwari ga masu ƙamus da masu tsara littattafai

Ƙamusoshin Ingilishi zuwa Hausa da muke da su, irin na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, tushe ne mai kyau, amma ba domin mai karatun da ya biyo ta Faransanci aka tsara su ba. Muna ganin aikin da za a yi a nan gida ya kamata ya kiyaye abu huɗu.

Na farko, a shigar da aikatau tare da gininsa, kowane gini da fassararsa da misalinsa. Ga yadda muke ganin shigar za ta kasance:

negotiate, aikatau. 1. tare da «with», «over», «about»: tattauna, yi ciniki, ba a faɗi sakamako ba. 2. tare da «for»: nema ta hanyar tattaunawa. 3. tare da karɓau na sakamako: cim ma, samo, daidaita kan, in da rikici, sasanta. 4. tare da «the price», «the terms»: yi cinikin, ko daidaita kan, gwargwadon muhalli. 5. na banki: miƙa haƙƙin caki. 6. na hanya: wuce wuri mai wuya. Gargaɗi: ba ta nufin an sa hannu.

Na biyu, a daina bi ta Faransanci a inda Hausa da Ingilishi za su iya fuskantar juna kai tsaye. Faransanci ya zo a matsayin shafi na uku, domin kwatance da gargaɗi.

Na uku, a littattafan manya masu koyon karatu, musamman na ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa waɗanda takardun kwangila ke isowa hannunsu, a koyar da matakai uku a rarrabe: ana magana, an daidaita, an sa hannu. Mai koyo ya riga ya san tayi da sallamawa tun yana yaro. Abin da zai ƙaru da shi shi ne cewa a takardar Ingilishi sallamawa tana bakin alƙalami.

Na huɗu, a tattara kalmomin ciniki daga bakin masu su. Abin da muka kawo a sashe na 6 Hausar da kowa ya sani ce, amma kasuwannin Adar da Arewa da Gobir da Damagaram kowace da nata lafazi, dillalan dabbobi da na hatsi kuma suna da zantukan da ba su shiga littafi ba. Muna roƙon abokan aiki da ke Tawa da Dogon Dutsi da Maraɗi da Damagaram su ɗauki zaman ciniki cikakke, daga tayin farko har sallamawa ko watsewa, su rubuta shi yadda aka faɗa, tare da sunan kasuwa da irin kayan. Da wannan ne za a san ko fassarorin da muka ba da a sama sun isa, ko kuwa akwai kalmar da ta fi su a bakin jama'a.